Sarƙar Laktayen Baba

Jiya a Kura na ga sarƙar laktayen marigayi Baba a hannun ƙanena. Makullin babur ya rataya mata, duk ta yi baƙi. Da ƙyar na amsa gaisuwarsa.

Baba malamin gona ne a Kadawa. Duk ranar da manya za su zo duba noman rani, sai ya sa kwat da laktaye, ya maƙala 'yar sarƙar azurfar nan a maɓallin rigarsa, don kada laktayen ya tsoma cikin ruwa in ya sunkuya a bakin magudana. Ni nake goge masa ita da toka da lemon tsami, har yatsuna su yi zafi.

Wata safiya na ce, "Baba, ni za ka bar wa, ko?"

Ya yi dariya. "Ke a ina za ki maƙala ta, a mayafi? Ta ƙaninki ce."

Ƙanin nan kuwa har yau bai iya ɗaura laktaye ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Ni kuma Allah ya sanyaya mini zuciya, don ban haƙura ba. Da ni ya ba, wallahi a mayafin zan maƙala.