Ranar da Malam Byeon Ya Jefar da Kabejina

Duk shekara, da zarar sanyi ya kama garinmu Cheorwon na Koriya ta Kudu, Malam Byeon Tae-sik zai bayyana a ƙofar gidana da kwalin lemo, yana ta sunkuyawa kamar mai neman aure. Buƙatarsa ɗaya ce: in saki ruwa a gonar shinkafata ya daskare, ya kawo 'yan ƙaramar sakandare su yi darasi a kai.

Na san shi tun yana yawo da majina. Bai taɓa hawa jirgin sama ba. Ko tsani aka jingina masa, matarsa ce ke hawa. Amma wannan mutumin ne ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa yara yadda abubuwa ke tafiya a sararin samaniya. Zai zaunar da yara biyu a kan katakon zamiya, su haɗa tafin hannu su tura juna, kowa ya yi baya, siririn ya fi nisa. Ni kuwa ina gefe ina sayar da gasasshen dankali, ina yi masa dariya.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Ya koma aji yana jan ƙafar hagu, magana tana fita a murguɗe.

Da ya kawo lemon bana, bai iya sunkuyawa ba.

"Kaka, yaran nan ba sa jin abin da nake faɗa."

"Sun ce maka haka?"

"Ina fa. Na tambaya sai su sunkuyar da kai su ce sun gane."

To, me yake jira? Yaranmu ba sa kallon idon malami su ce ba su gane ba, balle malamin da ya taso daga gadon asibiti. Ko kukan akuya ya yi musu, "mun gane" za su ce.

"In ladabi kawai suke yi mini, da bazara zan ajiye aikin," in ji shi. "Ara mini kwandon kabeji."

"Na kimchina, wanda zan tsuma da yaji mu ci? Ciwon ya taɓa kan ne?"

Ranar darasi ya sa aka tura shi tsakiyar ƙanƙara a kan katakon zamiya, kwandon a cinyarsa. Ya cillar da sandunan da ake tuƙa katakon da su. Sai ya ce, kalma ɗaya bayan ɗaya, shi ɗan sama jannati ne, igiyarsa ta tsinke, babu ƙasa, babu abin dafawa. Kada kowa ya tako. Su faɗa masa yadda zai dawo.

Yara suka sunkuyar da kai. Iska tana yankan kunne.

"Malam, in za ka daskare ka bari sai an kwashe kabejin," na ce. Ba wanda ya yi dariya.

Can wata yarinya, Ye-rim, 'yar mai gyaran tarakta, ta ɗago.

"Malam, ka jefa kabejin."

"Ina?"

Wani yaro ya ce, "Nan, wajenmu."

"Kai dai kabewa ne," in ji Ye-rim. "In ya jefo nan, can zai tafi. Malam, ka jefa ta can, da ƙarfi."

Ya ɗauki ɗaya ya wurga nesa da mu. Katakon ya matso. Bai kai faɗin tafin hannu ba, amma duk mun gani. Ba wanda ya taɓa shi, bai dafa komai ba, ga shi ya matso. Yaran suka ɓarke da gardama, wannan na cewa ya haɗa biyu, wancan na cewa ya cire takalmi ma ya jefa. Ladabi ya tafi hutu.

Kabeji ya ƙare bai yi taku biyu ba.

"Me ya tsayar da ni?" ya tambaya.

"Gugar ƙanƙara," suka amsa.

"A can sama fa?"

Ye-rim ta ce, "Babu abin da zai tsayar da kai. Kabeji ɗaya ya isa. Sai dai ka yi ta tafiya."

"Har yaushe?"

Duk suka ɗaga kai sama. Ni ma na ɗaga, dankalina yana ƙonewa. Na tsufa ina tura abubuwa, amalanke, miji, 'ya'ya, kowanne da na saki sai ya tsaya. Ashe a saman kaina akwai wurin da turi ɗaya ba ya ƙarewa, kuma ƙasar da nake tsaye a kai tun fil'azal haka take tafe, ba mai tura ta. Sai da na dafa murhu.

Da igiyar shanyata muka jawo shi. Fuskarsa jiƙe, wai sanyi ne.

"Sun ji ni, Kaka."

"Har ni da ban biya kuɗin makaranta ba. Tashi ka sa su tsince mini kabeji."

Bazara ta zo ta wuce, yana nan a ajinsa. Na ware masa layin kabeji guda a lambu, na jifa.