Ta Shida a Istimara

Shekarar da na gama jami'a a Madani na samu aiki da wata diktora mai bincike kan kansar maƙoƙo. Abin da take son sani shi ne ko ciwon yana bin jini a gidajen mutanenmu. Ita ba ta jin Hausa, ni kuwa ina ji, halas sai ta miƙa mini istimara, ya'ni takardar tambayoyi. Duk wadda aka yi wa aikin wuya, in bi ta gida in rubuta 'ya'yanta duka, a kira su a yi musu hoton wuya.

Na iya aikin, ba yabon kai ba. Hafila da safe, ya'ni bas, raksha mai ƙafa uku daga bakin titi, kafin la'asar na cika istimara uku.

Wata rana na je wani ƙauye kusa da Hasahisa, wajen wata tsohuwa da aka cire wa maƙoƙo. Diktora ta ja mini kunne cewa irin nata yana iya bin 'ya'ya. Na same ta a kan angareb, gadon nan na igiya, ƙanwar mijinta na gefe tana ɓarar gyaɗa.

"Hajja, ɗiyanki nawa?"

"Biyar."

Ta lissafo su da suna, har da wanda ke Sennar. Na rubuta, na rufe biro. Sai ga wata mata ta shigo da jabana, butar gahawa, za ta kai shekara arba'in, ƙafarta duk laka daga hawasha, ya'ni gona. Hajja ta kau da kai wajen bango.

"Ke, aje nan," ta ce, ba suna.

Wannan kau da kan na san shi. Haka innata take yi wa babban yayanmu har yau, ko a waya ba ta kama sunansa.

"Hajja, wagga fa?"

Ƙanwar mijin ta fashe da dariya.

"Ke 'yar Madani, karatu ya cinye miki kunya? Ɗiyar fari kike so ta ƙirga miki a gaban mutane? Ai tawa ce, ni na goye ta."

"To Gwaggo, ke ba ni sunanta."

"Mi za ki yi da shi?"

Na ce ciwon daga jinin Hajja yake bi, bai san wa ya yi goyo ba. Dariyar ta tsaya. Ta kira matar, ta sa ta sassauta tob ɗin da ta lulluɓa da shi. Na ce ta haɗiyi yawu. Wani ɗan ƙullutu ya hau ya sauka a gefen hagu. Ta ce ya kai shekara, ba ya ciwo, shi ya sa ba ta kula ba.

A hafila na buga wa diktora. Da farko ba ta gane ba, wai uwa ta manta 'yarta? Na ce ba mantuwa ba ce, kuma duk istimarar da na cika a baya sai na koma, in tambayi gwaggo ko maƙwabciya wane ne na fari.

Ranar Lahadi Gwaggo da kanta ta kawo matar nan Madani. Aka yi hoto, aka ɗebi kaɗan daga ƙullutun da allura, sakamako ya ce kansa ce, amma ba ta bazu ba. Aka yi mata aiki a watan, aka ɗora ta kan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Kafin a fara tsinkar auduga ta koma hawasharta.