Gashin da Aka Yi wa Baba

Baba ya daɗe yana tuƙa motar ma'aikata daga Gwagwalada zuwa cikin gari. Da ya yi ritaya ya kasa zama, ya koma noman doya a Yangoji. Shi ya sa da baƙin tabo ya fito masa a tafin ƙafa, cewa ya yi kututture ya taka. Sai da wurin ya fashe, kaluluwa ta fito masa a matsematsi ta ƙi sauka, sannan ya yarda na kai shi asibiti. Aka ce ciwon dajin fata ne, kuma ya fara yaɗuwa.

An yi masa aiki, aka tura ɗan naman gwaji. Da sakamako ya dawo, likitar, wata mace mai sanyin magana, ta yi mana bayani. Ta ce irin wannan ƙari yakan samu sauyi a ƙwayoyin halittarsa, kuma akwai sauyin da ke da maganin sha. Na Baba ba irinsa ba ne. Don haka gashi za a yi masa da na'ura a inda aka cire kaluluwar.

Muka dawo gida. Washegari ya kira yarana, ya zaunar da su a tabarma yana duba tafin ƙafarsu ɗaya bayan ɗaya. Su dariya suke yi, sun ɗauka wasa ne. Ni kuwa sai a lokacin na gane abin da ke cin sa.

Da muka koma asibiti, tun kafin ya zauna ya ce, "Likita, wannan abu na halitta, na sa wa jikokina ke nan?"

Ta ce, "A'a, Baba. A cikin ƙarin kaɗai sauyin ya faru. Ba gadonsa ake yi ba."

Ya ce, "Alhamdulillahi. To ku gasa."

Makonnin gashin nan ina tuna su da daɗi, abin da ban zata ba. Kullum da sassafe ni ke tuƙa shi, yana gefe yana yi mini gyara: "Uwata, bar wa mai tirelar nan hanya." Shi gashin ba ya daɗewa, kuma ya ce bai jin komai sai ƙugin na'ura. Jira ne mai tsawo. A layin ya yi aboki, wani tsohon malamin makaranta daga Bwari, Kirista, mai Hausa a karkace. Suna raba gyaɗa suna gardamar ƙwallo har a kira ɗayansu.

Fatar wurin ta yi duhu, ƙafar takan kumbura da yamma. Likita ba ta ce ya warke ba, ta dai ce mu riƙa zuwa ana dubawa, kuma zuwa yanzu ba a ga sabon abu ba. Shi da malamin nan sun roƙi ma'aikaciyar jinya ta riƙa ba su ranar dubawa ɗaya. Ta yi dariya, ta haɗa su.