Magen da Ɗangana Baduku Ya Kulle

A Dogon Gawo, wani ƙauye da ke kan dutse yamma da Dewule, duk wanda gugarsa ta yage ko takalminsa ya tsinke wurin Ɗangana yake zuwa. Baduku ne ɗan baduku, siriri, marar yawan magana. Sau ɗaya ya taɓa fita biɗar kuɗi, ya yi wata bakwai a kurmi, can kudu, yana dako, ya dawo da ciwon baya ya ce ya gama. Ya auri Cima, ƙanwar Rabo abokin wasansa tun suna kiwon awaki, ya gina shago na laka a bakin gidansa, ya zauna da basilla da wuƙa da tarin fatu.

Mai ajiye fata ba ya rabuwa da mage, domin ɓera na son ƙirgi kamar yadda yake son gero. Ɗangana yana da huɗu. Ba ya ɗaure su, ba ya kulle su, kamar dai na kowa a garin. Su hau katanga, su shiga rumbun maƙwabta, su dawo da hantsi su kwanta a kan fatunsa yana ɗinki yana ture su da gwiwa.

Bayan babban farin da ya karkashe shanu, mutane suna murnar ruwa ya dawo, sai ga shekarar kusu. Ɓeraye suka fito daga ƙasa kamar an buɗe musu ƙofa. A shuka gero da safe, kafin gobe sun tone kowane rami. Maza suka riƙa fita gona da kulake da galma, su zuba ruwa a rami, su tsaya. Abin da ya fito a maka masa. Ɗangana ya taɓa kashe saba'in kafin azahar, har jini da gashi suka manne wa kulkinsa, washegari ya tarar da ramukan sun fi na jiya.

A wannan hali wani ɗan kasuwa da ba wanda ya san garinsu ya kawo wata farar hoda a ƙunshin takarda. A cuɗa ta da dusa, a ajiye a lungu. Ɓeraye suka ci, suka riƙa fitowa fili suna tangaɗi kamar bugaggu. Magunan gari suka ga nama na tafiya a hankali, suka far masa.

Cikin kwana goma aka kwashe gawar mage fiye da talatin a Dogon Gawo. Biyu daga na Ɗangana ba su ma dawo gida ba. Ta uku ta dawo, ya tarar da ita a bakin randa tana birgima, kumfa da jini na fita ta hanci, ƙafafunta na harbin iska. Ya ɗura mata nono, ta amayar. Ya tsaya yana kallo har ya kasa, ya ɗauki dutsen da yake wasa wuƙa da shi ya sauke mata a ka. Sai da ya yi sau biyu.

Ta huɗun, wata mai launin toka da ciki ya yi wa nauyi, ita kaɗai ta tsira don ba ta iya farauta a kwanakin. Ɗangana ya ɗauke ta ya sa a shago, ya toshe taga da ƙaya da laka, ya sayo kwaɗo ya maƙala wa ƙofa.

Magen ba ta yarda ba. Ta yi ta kuka, ta kakkarce ƙyauren har farcenta ya yi jini. Duk lokacin da ya buɗe zai shiga sai ta yi tsalle ta nufi haske, shi kuma ya tare da ƙafa. Wata rana ta kama shi a hannu ta tsaga masa fata daga wuyan hannu har gwiwar hannu.

"Maigida, mussa ba akuya ba ce," in ji Cima tana ɗaure masa ciwon da tsumma. "Allah bai yi ta don ɗaki ba. Ka sake ta, in kwananta ya ƙare ya ƙare."

"Ba ki ga yadda waccan ta mutu ba. Ni na gani."

"To ka ji kukanta? Wannan ma mutuwa ce."

"Wannan tana numfashi," ya ce, ya koma ɗinkinsa da hannu ɗaya a naɗe.

Ta haifi ƴaƴa huɗu a cikin wata tsohuwar jakar fata. Daga nan ta daina kuka. Ɓeran da ya kuskura ya shigo shagon ta ƙarƙashin bango kuwa bai fita ba, don haka fatun Ɗangana suka zauna lafiya alhali gari duka na ɓarna. Mutane suka fara magana. Mage ɗaya ta rage a gari, an kulle ta tana gadin fatar mutum ɗaya.

Wata safiya Rabo ya shigo ba sallama, riƙe da ɗiyarsa Mairamu mai wata biyar. Ya yaye zanen da ke kanta. Rabin kunnenta na hagu babu, ɓera ya ci tana barci, jini ya bushe mata har wuya.

"Ka gani?" in ji Rabo. "Ɗiyar wan matarka ce in da kunya. Ka ba ni mussa ta kwana bakwai gidana."

Ɗangana ya kalli kunnen, ya kau da kai. "Gidanka cike yake da hoda, Rabo. Kai ka fi kowa zubawa. In ta shiga, kwana ɗaya ba ta yi. Ku kawo yarinya da uwarta su zauna nan. In ƴaƴan sun isa yaye, biyu naka ne."

"In kwaso iyalina in kawo gidan mijin ƙanwata, don dabba ba ta iya taka ƙasa?"

"Na faɗa maka abin da zan iya."

Rabo ya rufe ɗiyarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wa Cima, "Kin ji mutumin da muka ba ki."

Ranar kasuwar Buza, Ɗangana ya ɗora kaya a jaki tun da safe ya tafi. Da hantsi, Cima na rijiya, Rabo ya zo da gatari ya sare kwaɗon. Ya jefa wa magen buhu, ya ɗaure baki, ya bar ƴaƴan suna tsuwa a jaka. Ba nufinsa ya kashe ta ba ne, wannan ko Ɗangana ya yarda da shi daga baya. Amma da ya kwance buhun a ɗakinsa, mage mai shayarwa da aka raba da ƴaƴanta ta fito ta hau masa fuska. Ta kafa masa farce a fatar ido, ta cije shi a hanci. Ya fizge ta ya buga da bango, ta faɗo, ta sake tasowa. Ya ɗauki taɓarya ya sauke mata a baya.

Ba ta mutu nan take ba. Ta ja jiki da ƙafafun gaba, na baya na jan ƙasa, ta bi ta lungu har ƙofar shagon. Can Ɗangana ya same ta da la'asar, ƙudaje sun rufe ta, kanta a kan dokin ƙofa.

Ya sauke kayan jakin, ya ɗaure shi. Cima ta ga ya shiga shago ya fito da wuƙar yankan ƙirgi, gajera mai faɗi, sai ta riƙe masa riga.

"Don girman Allah, Maigida. Wana ne."

Ya ture ta, ta faɗi kan turmi.

Rabo na zaune a tsakar gidansa, matarsa na wanke masa ido da ruwan ɗumi. Da ya ga wuƙa sai ya miƙe ya rarumi taɓaryar nan. Shi ya fara kaiwa. Ɗangana ya tare da hannun dama, aka ji ƙashi ya ce ƙas, wuƙa ta faɗi. Ya duƙa ya ɗauka da hagu, taɓarya ta sake sauka masa a kafaɗa, bai tsaya ba. Ya shige jikin Rabo suka faɗi tare cikin tokar murhu, suna birgima, tukunya ta kife. Rabo ya cije shi a kunci. Ɗangana ya soka masa wuƙar a cinya, ya ja ƙasa kamar yadda yake tsaga fata. Jini ya yi tsartuwa har bango. Mata suka sa kururuwa, maza suka ɗiro ta katanga. Mutum huɗu suka taru kafin su ɓamɓare yatsunsa daga ƙotar wuƙar, wani kuma ya maka masa sanda a ƙeya ya suma.

Wani tsoho ya kwance rawaninsa ya ɗaure cinyar Rabo tamau. Aka ɗora shi a raƙumi zuwa bakin hanya, aka tsai da wata kamiyo, babbar mota mai ɗauke da albasa, ta kai shi likitar mishan. Wani ma'aikaci mai suna Sila ya ce wa dangin da an ƙara sa'a guda da gawa suka kawo. Rabo ya rayu, amma jijiya ta tsinke, ƙafar ba ta sake miƙewa daidai ba.

Jandarmomi suka zo washegari suka tafi da Ɗangana a ɗaure, hannunsa na reto. A gaban alƙali bai musanta komai ba. Da aka tambaye shi ko a kan mage ya nemi ran mutum, ya ce, "A kan ƙofata da aka sare." Sannan ya ƙara da cewa, "Da magen." Aka yanke masa ɗaurin shekara uku a kaso.

Cima ta zauna tsakanin dangi biyu da ba sa gaisawa. Uwarta ta aiko ta dawo gida, ta ƙi. Ƴaƴan magen ta riƙa ba su nonon akuya da tsumma, tana matsa musu a baki. Biyu suka mutu, biyu suka tashi. Ta bar su a kulle har damina ta wanke hodar, ɓerayen ma suka ɓace kamar yadda suka zo. Sannan ta cire ƙyauren shagon gaba ɗaya ta jingine. Ɗaya ta sa a kwando ta kai gidan Rabo da kanta. Ya kalli kwandon daga inda yake kwance, bai ce a ajiye ba, bai ce a mayar ba. Matarsa ta karɓa.

Ɗangana ya dawo da hannun dama a karkace, don a kaso ƙashin ya haɗe yadda ya ga dama. Aikin ƙawa, irin kuben takobi da jakar ango, ya fi ƙarfinsa. Ya koma facin guga da takalmi, yana riƙe fata da ƙafa yana soka da hagu. Abu na farko da ya yi ranar da ya iso shi ne mayar da ƙyauren. Magen da ya tarar, namiji ne ƙato da ya saba da yawo, ya kulle shi. Cima ta jira ya tafi masallaci ta buɗe. Ya dawo ya sake kullewa. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa uffan a kai. Ƴaƴansu suka girma suna ganin abin kamar wani sashe na aikin gida.

Lokacin da fari ya sake dawowa a shekarar tamanin da huɗu, babu dabba balle fata. Cima ta bi matan gari zuwa wajen Keita aikin jera duwatsu a kan tudu, ana ba su hatsi da mai, ta kan yi sati biyu ba ta gida. Ɗangana ya zauna da yara da magen. A wannan shekarar kura da karnukan da yunwa ta haukata suka riƙa shigowa har cikin gari. Wata rana da tsakar rana wani kare ya biyo magen gidan Rabo har ƙofar masallaci ya yayyaga ta a gaban mutane. Ɗangana na cikin waɗanda suka jefe karen har ya mutu. Rabo ma yana nan, dogare da sandarsa. Suka dubi juna ta kan gawar karen. Rabo ya ce, "Ina gajiya?" Ɗangana ya ce, "Babu gajiya." Shekara takwas ke nan rabon su da magana, kuma ba su ƙara a kan haka ba a ranar. Daga baya sukan gaisa a wurin suna ko jana'iza, amma ba wanda ya sake taka gidan wani.

Ɗangana ya rasu a daminar tamanin da takwas, bayan zazzaɓin kwana shida. Babban ɗansa bai koyi dukanci ba, ya riga ya zama yaron mota a hanyar Madawa. Cima ta ba wani baduku na Azarori kayan aikin, ta mai da shagon ɗakin ajiye wake da harawa, ta ci gaba da zama a gidan ita da ƙaramar ɗiyarsu har aka aurar da ita.