Yadda Muka Kai Hannun Inna Indiya

Sakkwato

Ana sallame sallar asuba muka hau keke daga Gidan Igwai zuwa filin jirgi, ni da Inna, mahaifiyata, mai suyar masa. Hannunta na dama ya daɗe yana rawa: in ta ɗebo ƙullu, rabi a tanda, rabi a ƙasa. Tun ranar da mai ya ƙone ta, ta jingine ludayi, ta daina dariya. Wannan rashin dariyar ne ya hana ni sukuni.

Mai keke ya ga jakunkuna, ya ce, "Umara za a, Hajiya?"

"Ina hwa!" in ji Inna. "Kaina za a soya."

Abuja

Kafin azahar mun sauka. Muka sayi wata masa mai tauri a filin jirgi. Inna ta gutsura, ta ce Allah ya shiryi mai ita. Washegari muka tashi.

Indiya

A asibiti aka ce sai an aske mata kai, ta yarda. Da ta ji za a ƙona wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwarta, sai ta jawo takalmi.

"Bello, tashi mu koma gida. Wa ka sa hannu ciki shi ji zahin?"

Tafintan da aka ba mu ya gaya wa likita, ita kuwa likitar ta zauna ta yi bayani. Amo ne da kunne ba ya ji ake tarawa a wuri ɗaya, ƙarami kamar ƙwayar dawa, har ya yi zafi. Na'urar maganaɗisu da Inna za ta kwanta a ciki tana auna zafin wurin, tana nunawa a allo. Da ɗan ɗumi ake farawa, a tsaya, a duba hannun, sannan a ƙara.

Inna dai ba ta taɓa cika tanda ba sai ta zuba guda ta gani.

"Ashe suna masar gwaji," ta ce. Ta ajiye takalmin.

Da aka fito da ita aka miƙa mata kofin ruwa. Ko ɗigo bai zube ba. Ni na yi kukan, ba ita ba.

Gida

Allah ya saka wa maƙwabtan da suka tarbe mu. Da ta warware, na fito da safe na iske Inna gaban tanda, ludayi cike a hannu.

"Matsa, ɗan nema," ta ce tana dariya, "kana tare man haske."