Mutumin da Ke Tausasa Ƙasa

Ranar Litinin ɗana Dwight, mai wasan kasada a fina-finai, zai faɗo tare da doki a guje a gaban kyamara, kuma a karon farko ba Baba Eldon Purvis ne zai gyara masa wurin faɗuwa ba. Tun da na ji haka hankalina bai kwanta ba.

Shekara da shekaru, kafin 'yan wasa su gama shan kofi, Baba Eldon ya riga ya isa kwarin da ake ɗaukar fim a bayan Los Angeles da shebur a kafaɗa. Ya haƙe inda doki zai faɗi, ya tsince duwatsu da hannu, ya cike ramin da yashi da garin katako. Da yake shirin kaboyi na talabijin a lokacin baƙi da fari ne, sabuwar ƙasa mai danshi kan fito baƙa ƙirin a hoto, sai ya bi ta da busasshiyar ƙura har ta saje. Daga nan ya cire hula, ya faɗa kan wurin da kansa. In ya tashi yana tsaki, to a sake haƙa.

Abokan aikinsa har yau suna ba da labarin ranar da wani darakta ya sa aka ɗaura wa wata goɗiya wayar ƙarfe a ƙafafun gaba, don a fizge ta tana gudu ta faɗi. Baba Eldon ya kwance wayar, ya miƙa masa.

"Ga ta, maigida. Ɗaura a naka ƙafafun, ni zan ja."

Aka kore shi. Ya koma gida ya yi ta koya wa tasa goɗiyar kwanciya da kanta in an ja linzami hagu, har suka dawo suna nemansa.

Mu kuwa muna falo gaban talabijin muna yi wa jarumi mai farar malafa tafi. Sunan Baba Eldon bai taɓa fitowa a ƙarshen shiri ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Yanzu gwiwoyinsa sun ƙi. Da na je roƙonsa ya leƙa wurin ko sau ɗaya, sai ya nuna mini sandarsa. Ya ce duk abin da ya sani ya koya wa Dwight, sai dai masu shirya fim na yanzu sauri suke yi.

Baba, kai ne katifar da ba ta fitowa a hoto. Mun gode, ko da mun makara. Ku masu tasowa, ku riƙa gwada ƙasar da jikinku kafin ku tura ɗan wani.

Shebur ɗin tsohon yana bayan motar Dwight. Ko za a ba shi lokacin haƙa ranar Litinin, ban sani ba.