Dalolin Ciɗo

Shekara ashirin da biyu ina ɗinki a rumfar da ke jingine da ta Ciɗo a kasuwar Tawa, don haka kada wani ya zo ya ba ni labarinsa. Ni na san shi.

Mutumin Kalfu ne. Ya shigo birni da ƙuruciya, lokacin da Turawa masu yawon buɗe ido ke yada zango a nan kafin su wuce Agadas. Ya lura suna son abin da mu muka yar: tsohon takobi, tandun kwalli, kwabo mai huji, tamma ta zamanin Faransa. Sai ya bi ƙauyukan Adar yana saye daga hannun tsofaffi. Cikin kayan akwai gwangwani guda na dalolin azurfa, baƙi ƙirin don tsufa, wanda ba ya buɗe wa kowa sai wanda ya yarda da shi.

Daga baya hanya ta lalace, Turawa suka ɗauke ƙafa. Kowa ya canza sana'a, ban da Ciɗo. Duk ƙarfinsa yana cikin kayan nan, ga shi ba mai saye, kuma ba ya iya zubarwa. Kullum ya buɗe rumfa, ya kaɗe kaya, ya zauna yana kallon 'yan kabu-kabu suna wucewa a kan babura. Na sha ce masa, "Kai Ciɗo, gadin kabari kake yi ko kasuwanci?" Sai ya yi dariya ya ce, "Tela, ranar da gwangwanin nan ya tafi, na rufe rumfa, na koma Kalfu na sayi shanun huɗa. Ko sallama ba zan yi maka ba." Wallahi tausayi yake ba ni. Matarsa Rakiya ce ke riƙe da gidan da ƙosan da take toyawa.

Bara wani dillali daga Yamai, Almoustapha, wanda ke aika tsofaffin kuɗi gwanjo ƙasashen waje, ya ga hoton dalolin a waya. Ya ce kada a sayar wa kowa, yana tafe ranar Lahadi. Ciɗo ya kai gwangwanin gida don tsaro. Har ya zo na auna shi, wai a ɗinka masa rigar komawa gida.

Ranar Lahadi da hantsi ya tafi tasha tarbar baƙo, ya biya gida ya ɗauko gwangwanin, suka zo rumfa. Na bar keken ɗinki na matso. Yana buɗe murfin sai haske ya doki idonmu. Dalolin nan fari tas! Ashe da ya fita, Rakiya ta zauna da toka da lemun tsami ta goge su ɗaya bayan ɗaya. A wurinmu ai ko tukunya ba a nuna wa baƙo da baƙi.

Almoustapha ya ɗauki ɗaya, ya duba da gilashi, ya ɗauki wata, ya ajiye. Ya ce, "Malam Ciɗo, wa ya yi wannan aiki? Baƙin nan shi masu gwanjo ke saye, shi ne shaidar tsufa. Yanzu duk sun ƙarce. Ba zan iya kai su ba." Ya ba da haƙuri, ya sha ruwa, ya koma tasha.

Ni raina ya ɓaci, na fara faɗa, ban ma san da wa nake yi ba. Ciɗo kuwa ya mayar da murfin.

Bayan azahar sai ga Rakiya da kwanon abinci, ta sha ado, yatsunta duk sun yi ja sun tsage. Ta durƙusa ta ce, "Malam, baƙon ya yaba kuwa?"

Na buɗe baki, Ciɗo ya taka mini ƙafa. Ya dube ta ya ce, "Ya ce bai taɓa ganin masu kyau irinsu ba. Zai dawo."

Ta yi murmushi ta ce, "To, bari in fara ɗaure kaya."

Wata takwas ke nan. Kayan Rakiya suna ɗaure a ɗaki, kuma duk Lahadi sai ta aiko a tambaya ko baƙon ya iso.